Baba Rabin Hanya da Takalman Aro

Tun gari bai gama wayewa ba Auta take turo baro daga gida. Mahaifinta yana biye da ita, sanda a hannun dama, ƙafar hagu tana sharar ƙasa, bakinsa kuwa ba hutu: a kauce wa ramin nan, kada a jijjiga gwangwanin gam, a tsaya motar can ta wuce tukuna. Ta haddace umarnin nan tun ba ta kai tsawon baron ba, amma ba ta taɓa ce masa ta sani ba. Da sun isa gindin bishiyar da ke kan kwana, sai ta sauke akwatin aiki, ta ɗauraye randa ta cika ta, ta ɗaura igiya daga reshe zuwa turken rumfa. Shi kuma ya gyara zama a benci ya shiga rataye takalma, ƙafa bibbiyu, kowanne a ƙugiyarsa, kowanne an lafta masa fenti rawaya mai kashe ido. Sai ya rataye na ƙarshe sannan ya juyo ya tambaye ta me take jira har yanzu, ko so take ta makara.

Wannan shi ne Baba Rabin Hanya, mai gyaran takalmi, kuma shi za a yi wa jinjina yau, ko yana so ko ba ya so. Ba ya so ɗin ma, kowa ya sani. Idan ka yabe shi a gabansa, ƙafarka zai kalla ya ce dunduniyarka ta cinye ta gefe guda, ka gyara tafiyarka.

Wanda bai san hanyar ba sai a ba shi labari. Daga unguwannin bayan gari, inda haya take da sauƙi, zuwa layin kamfanoni, inda aiki yake, akwai tafiyar da idan mutum ya fara ta da sanyin safiya sai rana ta fara cizo zai isa. Motocin haya suna nan, amma a cike suke wucewa, kuma mai ƙaramin albashi idan ya ce kullum sai ya hau, to direba yake yi wa aiki. Saboda haka jama'a suka rungumi ƙafa. Masu shara, masu gadi, leburori, masu walda, masu ɗinkin buhu irin Auta, kowa da ƙunshin abincinsa a hannu. 'Yan ƙafa suke kiran kansu, kuma da alfahari suke faɗa. Auta kam sun ce ba cikakkiyar 'yar ƙafa ba ce, tunda gidansu yana bayan kwanar nan, rabin wahalar kawai take sha. Takan ce ta ji, amma su zo su gwada tura baro da tsoho a baya yana koya musu tuƙi.

Shi ma a da ɗan ƙafa ne. Wata safiya, lokacin yana ji da ƙarfinsa, maɗaurin takalminsa ya tsinke daidai kan kwanar. Ya sunkuya yana gyarawa, ya ba motoci baya, rigarsa kuma mai duhu ce. Direban babbar motar da ta taho bai san da mutum a wurin ba sai da ya ji ƙara. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙugu bai koma daidai ba, aikin kamfani kuma ya tafi. Da ya tashi daga jinya 'yan uwa suka yi ta nuna masa wuraren sana'a, wannan ya ce bakin kasuwa, wancan ya ce tasha. Ya ce a mayar da shi kwanar. Wasu har suka fara raɗe-raɗin ko motar ta taɓa kan ma. Tun daga ranar bai sake taka rabin hanyar na gaba ba. Ya zauna inda ya faɗi, ya ce ba wanda zai ƙara sunkuyawa a bakin titin nan saboda maɗauri.

Daga nan takalman aro suka samo asali. Ɗan ƙafa ba shi da lokacin zama a yi masa ɗinki da safe, ƙofar kamfani ba ta jiran kowa. To idan takalminka ya tsinke, sai ka cire ka miƙa wa Baba, ka sauko da ƙafa biyu daga igiya, ka sa ka yi gaba. Da yamma ka dawo ka tarar da naka an ɗinke, ka mayar da na aro ƙugiyarsa. Da taya yake yin tafinsu, ya shimfiɗa soso mai laushi a ciki, saboda haka sun fi na mai su daɗin takawa. Nan matsalar ta taso, don na farko da ya yi baƙaƙe ne masu kyau, kuma suka riƙa tafiya ba dawowa. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya aika aka kawo masa fenti mafi muni a shago, ya shafe su tas. Tun daga lokacin ba a sake samun wanda ya manta ya kwana da su ba, don ba mai son matarsa ta gan shi ya shigo gida kamar agwagwa.

Fentin da aka yi don muni sai ya zama alheri. Direbobi suka fara cewa tun daga nesa suke hango ƙafafun nan da sassafe. Baba ya ji haka, ya nemo tsofaffin rigunan masu aikin titi, ya yanke ƙyallen nan mai walƙiya idan fitila ta haska shi, ya riƙa ɗinka wa kowa a bayan dunduniya, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. Ya kafa doka cewa a yi tafiya a ayari, a fuskanci motoci masu tahowa, kuma duk wanda ya sa na aro a ranar shi ne zai bi gefen titi, sauran su bi ta ciki. Aka yi ta tsiya a kan wannan, ana cewa ga muni ga gadi. Amma an bi, kuma yau ko baƙo ya shigo ayari, kafin ya isa gada wani ya jawo hannunsa ya mayar da shi ɓangaren da ya dace.

Dokokinsa suna da yawa, kuma ba ya gajiya da maimaita su. A sha ruwa a randa tun ƙishi bai zo ba. A shanya safa, kada a kwana da ita a cikin takalmi. Mai sayen takalmi ya saya da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, ba da safe ba da take yaudara. Babbar cikinsu kuwa, wadda idan yana faɗa har sandarsa yake ɗagawa, ita ce kada mahaluƙi ya kuskura ya shiga doguwar tafiya da sabon takalmi. A sa shi a tsakar gida tukuna, a je shago da shi a dawo, a saba da juna. 'Yan ƙafa sun haddace wannan har suna kwaikwayon muryarsa idan sun yi nisa da rumfar.

Tambayi Gwaggo mai shara a asibiti, za ta ba ka labarin da ba ta gajiya da bayarwa. Wata rana ta ari rawaya da safe, kuma ita da rana tsaka take tashi daga aiki. La'asar ta yi, Baba ya bi igiya da hannu ya ji ƙugiya ɗaya wayam. Wani zai ce ta tsaya hira ne, don Gwaggo idan ta kama zance sai an janye ta. Shi bai ce haka ba. Ya tare Dogo mai walda, wanda ya dawo a gajiye ko zama bai yi ba, ya ce ya juya ya bi hanya yana leƙa kowane kwalbati. Dogo ya tafi yana ƙunƙuni. A ƙasan gada ya same ta, jiri ya ɗebe ta ta gangara, ƙafa ta gurɗe, ta kira har muryarta ta dishe. Ya ce ba ita ya fara gani ba, takalman ya hango suna ƙyalli a cikin ciyawa. Ya goyo ta har rumfa, tana bayansa tana yi masa faɗan ya cika girgiza mutum.

Kai ne, Baba, ka mayar da igiyar shanya ta zama mai gadin jama'a. Kai ne ka sa leburori suka riƙa ɗauko dutse ɗaya ɗaya idan za su wuce, har aka jera matakala a wurin da ruwa yake yanke hanya da damina. Kai ne ba ka taɓa tambayar mutum wane ne shi ba kafin ka sauko masa da takalmi. Gurgu mai raka masu ƙafa, wanda yake isa kamfani kullum alhali bai tashi daga benci ba.

Amma akwai abin da Auta ta sani wanda 'yan ƙafa ba su sani ba, kuma shi yake hana ta sukuni. Idon Baba yana tafiya. Ta fara ganewa ne ranar da ta ga jini a jikin farin zare, ta kama hannunsa ta ga yatsun duk hujin basilla. Ta lallaɓa shi da ƙyar ta kai shi wurin likita. Likita ya ce farar yana ce ta rufe ƙwayar idon, ana iya cire ta, amma kada a ja lokaci, kuma bayan aikin sai ya yi makonni a gida, ba ƙura, ba sunkuyo, ba ɗinki. Baba ya saurara da ladabi, ya yi godiya, suka fito. A bakin ƙofa ya ce mata ba za a yi ba. Idan ya kwanta, wa zai rataye igiya? Ranar da aka wayi gari babu ita, wani zai sunkuya a kwanar nan, kuma shi ya san abin da ke biyo baya. Ya kuma gargaɗe ta kada ta kuskura ta faɗa wa kowa, ba ya son a riƙa kallonsa da tausayi.

Ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina yi masa magana har na wasu kwanaki, shi kuwa ko a jikinsa. Ta ce za ta bar aikin buhu ta zauna a rumfar, ya ce idan ta bari me za su ci, fenti? Haka ta zuba ido tana kallon mahaifinta yana zaɓar makanta a kan ya bar bencin nan, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai.

A wannan tsakanin ne ya ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a da ta ba 'yan ƙafa haushi da dariya. Idan ka dawo da yamma karɓar takalminka, sai ka tarar bai gama ba. Ya ce zauna, zura mini zaren nan. Ka zura, ya ce to tunda basilla tana hannunka soka nan, a'a, ba nan ba, matsa kaɗan, ja da ƙarfi, ƙulla ta ciki. Kafin ka ankara kai ka ɗinke abinka, shi yana zaune yana shafawa da yatsa yana kushewa. Dogo ya ce bai taɓa ganin sana'ar da mai kaya ne yake yin aiki kuma a zage shi ba. Gwaggo ta ce tsufa ne ya zo da lalaci. Aka yi ta yi masa tsiya, yana murmushi, yana miƙa wa na gaba guduma. Auta kaɗai ce ba ta dariya, don ta san kafar basillar ce ba ya gani.

Da abin ya ishe ta, sai ta sami Dogo a hanya. Ba ta karya alkawari ba, ta dai ce Baba ya gaji, tana so ya huta, ya ƙi. Dogo mutum ne da idan dabara ta zo masa sai kowa ya ji a jikinsa. Nan take ya tsaya a tsakiyar ayari ya ce ya gano maganin abin: tsoho ba ya barin aiki sai an nuna masa ya gama. A ranar hutu za su taru, su ɗora shi a kan amalanke, su tura shi har ƙofar kamfanoni, ya ga rabin hanyar da ya daɗe bai gani ba, a yi masa godiya a gaban kowa. Kafin a isa gada maganar ta zagaye ayari, kafin yamma ta shiga kowane kamfani. Dogo ya yi wa amalanken rumfa da kujera, mata suka ɗinka matashi, masu gadi suka ce su za su tsayar da motoci. Rabon da a ga 'yan ƙafa cikin irin wannan zumuɗi an manta.

Baba ya ce ba inda za shi. Da aka matsa, ya ce to sai dai a tafi da akwatin aiki da igiyarsa, ba zai bar su a gindin bishiya ba. Aka ce an yarda, a ɗora har randar idan yana so.

Ranar ta zo, Auta ta zaunar da shi a benci da farar rigarsa, ta tsaya a gefensa tana hango hanya. Sai ga su nan tafe, cincirindo, ana kiɗa da gwangwani, ana waƙa, yara suna tsalle a gefe. Zuciyarta ta cika fal. Amma da suka matso ta kalli ƙasa, sai ta ga abin da ba ta zata ba. Kowa da sabon takalmi. Dogo da wani baƙi mai tsini yana sheƙi, Gwaggo da mai maɗauri siriri irin na 'yan mata, masu gadi da sababbin but, har da wanda bai cire takardar shago ba. Ba shawara suka yi ba. Kowa a ɗakinsa ya zauna ya ga bai kamata ya je bikin mai gyaran takalmi da faci a ƙafa ba, kowa kuma ya zaci shi kaɗai ya yi wannan tunanin.

Suka kewaye rumfar suna gaisuwa baki ɗaya. Baba ya karkatar da kai yana saurare, kamar yadda yake yi kowace safiya, fuskarsa tana neman wani abu da ba ta samu ba. Ya san Dogo da ƙarar ƙarfen da ya buga masa a dunduniya. Ya san Gwaggo da yadda tafin taya yake mari ƙasa idan tana sauri. Yau kuwa ba abin da yake ji sai ƙiiƙii na sabuwar roba ta ko'ina. Ya laluba ya kama hannun 'yarsa.

"Auta, su wane ne waɗannan?"

Aka yi dariya, an zaci wasa ne. Dogo ya matso har gabansa ya tsaya, bai yi magana ba, yana jiran a ci gaba da wasan. Baba ya sunkuya ya shafa takalmin da ke gabansa, daga tsini har dunduniya, ya ɗago.

"Wannan ban san shi ba. Ina aikina? Ina facin da na yi muku?"

Kiɗa ya tsaya. Gwaggo ta durƙusa ta kalli idonsa da kyau, irin kallon da ba wanda ya tsaya ya yi masa tsawon shekarun nan, don kowa sauri yake yi. Ta ga farin da ya rufe ƙwayar. Ta ɗora hannu a ka, ta ce cikin sanyin murya, kunya ce ta sa, Baba, ba mu so mu zo maka da tsumma a ranarka ba.

"Da tsumman nake gane ku," ya ce.

Auta ta ga asirin da ta daɗe tana riƙo ya fito da kansa, sai ta faɗi sauran: maganar likita, da makonnin hutu, da dalilin da ya sa ya ƙi. Baba ya yi mata wani kallo, amma bai hana ta ba. Dogo, yana share hawaye da bayan hannu, ya ce to a fasa tafiyar mana. A nan tsohon ya buga sanda a ƙasa. Ya ce an sa shi ya sa farar riga, an hana shi aiki, kuma a ce an fasa? Su ɗora shi. Yana so ya ji yadda masu kunnen ƙashi za su ƙare da sabon takalmi.

Aka ɗora shi, aka ɗora akwati da igiya da takalman aro, aka kama hanya. Da farko abin gwanin sha'awa. Kiɗa ya dawo, masu gadi suna ɗaga wa motoci hannu, direbobi suna danna oda suna gaishe shi. Auta tana gefen amalanke tana faɗa masa abin da ake wucewa: ga matakalar duwatsun da ya sa aka jera, ga inda aka sare ƙayar da take kama zane. Shi kuwa yana gaya mata abin da ke gaba tun ba a isa ba. Ya ce nan gaba kaɗan akwai tsakuwa mai kaifi, ita take cin tafin hagu. Bayanta akwai kwaltar da take narkewa da rana. Duk bayan ya daina bin hanyar suka samu, bai taɓa ganin ko ɗaya ba, a ƙasan takalma ya karanta su, kuma duk inda ya ce haka ake tararwa.

Ba a yi nisa ba waƙa ta fara rauni. Mai kiɗa ya koma baya yana ɗingishi. Dogo, da ya fito yana taku kamar ango, ya koma tafiya a kan yatsu yana cije leɓe. Baba yana jin sautin ƙafafu yana canzawa, yana ta murmushi, har ya tambaya da ƙarfi ko akwai wanda yake son a tuna masa wata doka. Daidai kan gada maɗaurin Gwaggo ya ce ɗas. Ta buɗe baki za ta yi salati, ta fara sunkuyawa, sai hannaye uku suka fizge ta lokaci guda suka fitar da ita daga bakin titi.

Aka gangara inuwar da ke gefen gada, kowa ya zube yana cire takalmi. Ƙafafu sun yi bororo, wasu har sun fashe. Baba ya miƙa hannu yana neman akwatinsa, Auta ta juya za ta ɗauko, ta tarar babu shi a wurin. Wani lebura ya riga ya buɗe shi a ƙasa. Masu gadi biyu sun ɗaura igiya tsakanin ƙarfen gada da amalanke, suna rataye rawaya, suna cewa masu ciwo sosai su fara ɗauka. Wata mai ɗinkin buhu ta wanke hannu tana bi ƙafa ƙafa da auduga da filasta. Wani ya kifa sabon but a kan dutse yana dukan bayan dunduniyar da guduma don ta yi laushi, na kusa da shi yana goga kyandir a ciki. Dogo kuwa ya zauna dirshan da takalmin Gwaggo a cinya, ya zura zare a basilla tashi ɗaya, ya soka.

Wani ya ɗaga murya ya tambayi Baba ko ta waje ake ƙullawa. Kafin tsohon ya buɗe baki, mutum huɗu sun amsa masa cewa ta ciki, kuma ya ja da ƙarfi. Da muryar Baban ma suka faɗa, har da yadda yake jan ƙarshen magana.

Auta ta tsaya tana kallo, sai yanzu ta gane. Ta zaci rashin gani ne kawai ya sa yake ba su basilla. Shi kansa wataƙila haka ya zata. Ta dubi mahaifinta, yana zaune a kan amalanke hannuwansa biyu a kan gwiwa, ba komai a cikinsu, abin da ba ta taɓa gani ba da rana tun tana yarinya. Ya karkatar da kai yana sauraren guduma da jan zare da gardama. Dogo ya kawo masa takalmin Gwaggo ya sa masa a hannu. Ya bi ɗinkin da yatsa a hankali, ya juya shi, ya ja maɗaurin. Kowa ya zuba ido yana jiran kushe.

"Ya karkace," ya ce. "Amma zai kai ta gida."

Sannan ya juya inda yake jin numfashin 'yarsa.

"Auta, likitan nan naki, yaushe ya ce a koma?"

Abin da ya biyo baya ba a iya faɗarsa da tsari. Gwaggo ta miƙe da ƙafa ɗaya rawaya ɗaya babu komai tana rawa. Mai kiɗa ya manta da ciwonsa. Auta ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar mahaifinta tana kuka tana dariya, shi yana ce mata ta tashi ta ɓata masa farar riga. A nan gefen gada, ba takarda ba shugaba, aka raba kwanakin tsaron rumfa: masu aikin dare su riƙe safiya idan sun taso, masu tashi da rana su riƙe yamma, Dogo ya ɗauki turo baro. Aka ƙarasa har ƙofar kamfanoni, rabin ayari da ƙafafun agwagwa, sababbin takalma a rataye a wuya. Jawabin da aka shirya ba wanda ya tuna da shi.

An yi aikin idon, kuma an dace. Yanzu haka Baba yana gida, an hana shi ƙura da sunkuyo, yana cika wa kowa kunne. Ranar da aka cire masa bandeji Auta ta kawo masa ɗaya daga cikin na aro ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko da gaske haka suke da muni, kuma mutane suka yarda suka sa. Ta ce ai tun da idonsa ya fara rauni yake ƙara fentin, ba wanda ya iya gaya masa.

Mun gode, Baba Rabin Hanya. Kai ne ka faɗi a wuri, ka ƙi barin wurin sai da ka gyara shi. Kai ne ka ba mutane takalmi, sannan ka ba su basilla. Allah ya ƙara wa idon haske, ya ba ƙugun sauƙi, ya sa ka daɗe kana kushe ɗinkinmu. Ku kuma masu karatu, kowa yana da hanyar da yake bi kullum, kuma kowace hanya tana da kwanarta. Ba sai kana da rumfa ba. Ka kawar da dutsen da ya taɓa tuntuɓe da kai, ka jawo baƙo ɓangaren da ya dace, ka lura da wanda ya saba dawowa bai dawo ba.

Igiya tana hawa kowace safiya, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Da yamma kuwa, da Auta ta yi sallama, kafin ta ajiye jaka, kafin ya tambaye ta gajiya, tambayarsa ɗaya ce: akwai ƙugiyar da ta rage? Sai ta ce babu, Baba, kowa ya dawo. Sannan yake yarda a kawo masa abinci.